Ban Ga Dala Ba, Na Ga Helwan

Tun da na dawo daga Masar ba ku bar ni na huta ba. Duk wanda ya shigo rumfa sai ya ce, "Garba, ya dalar Fir'auna? Ka hau raƙumi?" In na ce ban je ba sai a kwashe da dariya, wai mutum ya je har Alƙahira ya ɓuge da kallon masana'antar da ta mutu, kamar ba mu da irinta a Kakuri. To bakina ya gaji. Zan rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Mai dariya kuma ya yi abarsa, haƙoransa ne.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai zubin tukwanen dalma ne a Panteka, Kaduna. Kafin nan na yi shekaru a sashen zubi na wata masaƙa a Kakuri, muna zuba ƙananan ƙarafan da injin saƙa ke cinyewa, har ranar da aka garƙame ƙofa aka ce mu je gida za a neme mu. Har yau ana nemanmu. Ɗana Nasiru shi ne ya tafi Alƙahira karatun addini. Da ya kammala ya aiko cewa 'yan'uwansa ɗalibai za su yi masa walima, yana so in zo. Ban yi shawara da kowa ba na ce zan zo.

Wahalar tun a ofishin fasfo ta fara. Na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi ni ƙememe, don wuta ta daɗe da shafe zanen. Yarinyar da ke kan na'urar ta ce, "Baba, goga a goshinka ka sake ɗorawa." Na goga har goshin ya yi zafi. Ƙaramin yatsan hagu ne ya cece ni a ƙarshe, shi ma don malalaci ne, bai taɓa taɓuka aikin kirki ba.

Daga Kaduna na hau mota zuwa Kano, daga Kano jirgi. Uwar yara ta cika mini jaka da kuka da daddawa da yaji da kilishi. Ni kuma tsarabata guda ce: tukunya na zuba da hannuna, babba, wadda za ta ciyar da mutum ashirin, na fitar da sunan NASIRU a kan murfin. Kwana uku na yi ina gyaran murfin nan. A filin jirgin Alƙahira jami'in da ke binciken kaya ya buɗe jakar, daddawa ta yi masa sallama, ya ja da baya yana toshe hanci. Sai ya ɗaga tukunyar, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya kara kunne, ya ce, "Tamam." Shi ne mutum na farko da ya yabi tukunyar nan a Masar, kuma ya daɗe yana shi kaɗai.

Nasiru na jirana a waje cikin farar jallabiya, ya yi ƙiba, ya tara gemu. Ya durƙusa ya gaishe ni, na ɗaga shi, kuma ba na jin kunyar faɗa muku idona ya kawo ruwa. Masaukinsu a wata unguwa ce mai suna Abbasiya, bene hawa na biyar, lif ɗin ya mutu tun kafin a haifi wasu daga cikinku. A ƙasa akwai mai gadi, su bawwab suke ce masa, wanda kafin in kai hawa na biyu ya san sunana da garinmu da abin da ke cikin jakata. Matan gidan ba sa saukowa cefane. Kwando suke zurarowa da igiya ta taga, mai kanti ya zuba, su ja. Na ce da uwar yara ta ga wannan da sai na gina mata bene.

Abinci kuwa, wake ne da safe, wake da rana. Suna da ƙosai amma kore ne, suna kiransa ta'amiya. Akwai wani wai shi koshari, shinkafa da taliya da wake da soyayyar albasa a kwano ɗaya, kamar uwargida ta yi fushi ta juye ragowar tukwane wuri guda. Na ci, ya zauna. Gurasa kuwa ba sa wasa da ita, in ta faɗi a titi sai ka ga ƙato ya sunkuya ya ɗauke ya ajiye a gefen bango. Maganarsu duk da ƙarfi ce. Ranar farko har na miƙe zan raba faɗa, Nasiru ya ce gaisawa suke yi.

Yanzu ga abin da ya kai ni Helwan. Da na fito da tukunyar na miƙa wa Nasiru, ya duba sunansa a murfi, ya waiwaya wajen ƙofa ko abokan zamansa na kusa, ya ce, "An gode, Baba." Sai ya tura ta ƙarƙashin gado. Duk a kan idona. Ranar Laraba da hantsi ya shigo da sabuwar jallabiya mai dogon hannu ya ajiye a gabana, ya zauna yana murza yatsu.

"Baba, jibi malamaina za su zo walimar, da wasu 'ya'yan manya. Na gaya musu kai ɗan kasuwar ƙarafa ne. In an tambaye ka, don Allah ka bar shi a haka. Hannun rigar ma ka bar shi a sauke."

Kun san hannuwana, daga wuyan hannu zuwa gwiwa duk tabon ƙuna ne. Na ji zafin maganar nan ƙwarai, dalma ta sha zubo mini ba ta taɓa yi mini haka ba. Na ce, "Nasiru, in Garba mai zubi ka gayyata, ga shi ya zo. In kuwa ɗan kasuwa ka gayyata, je ka nemo shi, don ni ba zan hau walimarka da sunan wani ba."

"Baba, ba ka gane ba ne."

"Na gane sarai."

Washegari ya zo yana lallashi, wai mu je in ga dala. Na ce Helwan za ni. A masaƙar Kakuri wanda ya koya mini zubi wani Bamisire ne, Usta Ramadan muke ce masa, mutumin Helwan. Kullum cikin cika baki yake, wai garinsu a bakin kogin Nilu yake, ƙarfe suke narkawa dare da rana, hayaƙi har ya rufe rana. Tun ina saurayi na sa a raina sai na ga garin nan. Nasiru ya ce, "Baba, babu komai can yanzu sai ƙura, an rufe babbar masana'antar." Na ce ai ita nake son gani. Na zura jallabiyar da ya sayo, na kama matakala. Ina hawa na uku na ji takunsa a bayana.

Jirgin ƙasa muka shiga, wanda ke bi ta ƙarƙashin gari. Da muka zo canjin jirgi ina gaba ina huci, ƙofar da ta buɗe a gabana na faɗa, ta rufe. Na ɗaga kai, mata ne zalla daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ashe suna da taragonsu daban. Na rasa inda zan sa idona, na kafa shi a rufi. Wata tsohuwa da kwandon kaji ta yi ta dariya tana cewa, "Ma'alish ya Hajj, ma'alish," wato ba komai. A tasha ta gaba Nasiru ya zo da gudu ya jawo ni. Ya so ya yi dariya, ya tuna muna faɗa, ya haɗiye.

Jirgin ya fito sarari. Muka wuce Ma'adi, unguwar masu hali, itatuwa ko'ina. Daga nan kore ya fara raguwa, ganye ya koma launin toka saboda ƙurar siminti. Helwan ita ce tasha ta ƙarshe, kowa ya sauka. A bakin tasha 'yan adaidaita sahu ne birjik, su tuktuk suke cewa, kuma rashin haƙurinsu ɗaya da na namu. Gari ne mai miƙaƙƙun tituna da tsofaffin gidajen masu kuɗin da, waɗanda ke zuwa wanka a wani ruwan magani da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Mun je kusa da ruwan, warin ruɓaɓɓen ƙwai yake, na ce cutar da wannan zai warkar gara in zauna da ita. Mai tuktuk ɗin da muka ɗauka ya kuma kai mu wani lambu mai gumaka a jere sun tanƙwashe ƙafa, fentinsu ya koɗe. Na ce wa Nasiru ya gaya masa ba gunki na zo gani ba, ya kai ni inda ake narka ƙarfe.

Sai muka hau ƙaramar bas muka yi kudu, kogi na hannun damanmu. Gaskiya Usta Ramadan bai yi ƙarya a kan kogin ba. Kogin Kaduna in ya ga wannan sai ya gaishe shi ya koma gida. Can na hango bututun hayaƙi, dogaye, a jere, babu wanda ke numfashi. Muka sauka a bakin wata ƙatuwar ƙofa da aka ɗaure da sarƙa. Ciyawa ta fito a kan layin dogon da ya shiga ciki, karnuka na kwance a inuwar ɗakin masu gadi. Na daɗe a tsaye riƙe da sarƙar nan. Shirun wurin na san shi, shi ne na ƙofarmu ta Kakuri, kuma raina ya ɓaci kamar ranar aka rufe ta.

Daura da ƙofar akwai wurin shan shayi, dattawa zaune suna buga wata dara mai ƙara. Na ce wa Nasiru ya tambaye su gidan Usta Ramadan, wanda ya yi aiki a Najeriya. Ni a zatona kamar Kakuri ne, ka ambaci suna a ce bi nan. Suka ce wane Ramadan? Nan take suka lissafo uku. Ɗaya ya rasu, ɗaya bai taɓa wuce Alƙahira ba, na ukun aka aika aka kira shi, ya zo da almakashi a aljihu, wanzami ne. Usta Ramadan dai ban same shi ba. In yana raye Allah ya saka masa, in ya riga mu Allah ya jiƙansa.

Aka kawo shayi a kofin gilashi marar mariƙi, yana tururi. Nasiru ya kama bakin nasa da yatsu biyu yana hurawa. Ni na dunƙule nawa a tafin hannu kamar yadda na saba. Wani dattijo mai farin gashin baki, Ammu Sayyid suke kiransa, ya daina dararsa yana kallona. Ya taso, bai nemi izini ba, ya kama wuyan hannuna ya ture hannun jallabiyar sama. Na ga Nasiru ya sunkuyar da kai. Dattijon ya naɗe nasa hannun rigar ya jera da nawa. Tabonsa irin nawa ne, ɗigo-ɗigo, sai dai nasa a farar fata. Ya yi magana.

Na ce, "Me ya ce?"

"Wai a wace wuta ka samo su."

"To gaya masa mana."

Nasiru ya yi wata gajeruwar magana ƙasa-ƙasa, ban san me ya ce ba. Dattijon ma bai tsaya saurare ba, ya ja ni muka bi wani lungu bayan gidaje. A can yake da 'yar maƙerarsa shi da ƙanensa Fathi, suna zuba ludaya da kawunan murhun gas. Murhu ne a ƙasa, da tukunyar narki, da akwatunan zubi, da tulin baƙar ƙasa a gefe. In ban da Larabci da na ce Panteka nake. Na tambayi Ammu Sayyid ta bakin Nasiru ina injinan babbar masana'antar. Ya ce, "An sayar da su a kilo. Mu ne ba a samu mai saye ba." Na ce a gaya masa mu ma haka, muka tafa.

Ya miƙo mini ludayin da ake ɗaukar siffa da shi, ya nuna ƙasar, wato bismilla. Na tuɓe jallabiya na rataye. Na ɗebi ƙasar na dunƙula, ta kama, na karya ta, ta karye tas, ba ta manne a tafina ba. A Kaduna in ƙasa ta yi haka ta yi. Fathi ya girgiza kai, ya nuna wani buhun busasshiyar ƙasa, wai a ƙara. Na ce wa Nasiru, "Gaya masa shekara talatin da ɗoriya ina wannan aiki, ba yau zan koyi taɓa ƙasa ba." Na danna ƙasata, na fitar da siffa, na rufe, aka zuba. Dalma na shiga ta yi tsaki ta tofo. Da aka fasa, ludayin ya fito duk ramuka kamar gara ta ci shi.

Fathi ya yi dariya har da riƙe ciki. Mutanen wurin shayin da suka biyo mu kallo su ma suka taya shi. Nasiru ya ɗauko jallabiyata ya matso kusa da kunnena.

"Baba, ya isa haka. Mu tafi."

"Ba inda za ni. Ban taɓa tashi daga zubi a kan kuskure ba, ba kuma zan fara a ƙasar wasu ba."

Ammu Sayyid bai yi dariya ba. Ya murza ƙasar a tsakanin yatsunsa ya nuna mini. Sai na gane wautata. Ƙasarmu ta kogin Kaduna tana da tsakuwa-tsakuwa, tururi na samun hanyar fita. Tasu ta Nilu laushi gare ta kamar garin tuwo, tana ɓoye ruwa a ciki alhali hannu na ce maka ta bushe. Ni na auna ƙasar wani kogi da hannun wani kogi. Na ɗebi busasshiyar da Fathi ya nuna tun farko na haɗa, Ammu Sayyid ya ba ni siririyar waya ya nuna in huda ƙananan ƙofofin iska. Na karɓi gyara, don taurin kai ba ya zuba ludayi.

Matsalar ta zo wajen ɗaga rabin akwatin na sama. Wannan aikin mutum biyu ne, kuma dole a ɗaga a miƙe, in an karkata ƙasar ta rushe. Fathi ya kama ɗaya gefen yadda suka saba, ni kuma ina ta ce masa da Hausa, "Kama kunnen, kama kunnen, kar ka murɗa." Ina zai ji? Gefen ƙasar har ya fara zubewa. Sai na ga wasu hannuwa sun ture na Fathi. Nasiru ne, ya naɗe farar jallabiyarsa ya durƙusa a cikin baƙar ƙasa. Bai dube ni ba. Muka ɗaga tare, a miƙe, ko girgiza babu. Ya sunkuya ya hure ɓurɓushin ƙasar daga cikin siffar, a hankali, daga gefe, yadda na koya masa tun yana firamare.

Muka rufe, ya danne akwatin da hannu biyu, na ɗauko narkakkiyar dalma na zuba. Ɗigo ɗaya ya yi tsalle ya sauka a wuyan hannunsa. Na ga ya cije leɓe, amma bai saki ba sai da na gama. Da aka fasa, ludayin ya fito sumul. Ammu Sayyid ya tsoma shi a ruwa, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, sannan ya kama kaina ya sumbaci goshina, abin da ko uwar yara ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Ya juya ya tambayi Nasiru wani abu.

Na ce, "Me kuma ya ce?"

"Wai a ina na koya."

"Ka ce masa me?"

"Na ce a gida."

Ba su bar mu mun tafi ba sai da aka shimfiɗa jarida a ƙasa aka kawo gasasshen kifi da gurasa, muka ci da hannuwanmu baƙaƙe. Daga nan muka kama jirgin komawa. Ni ban tayar da zancen walima ba, don na riga na faɗi tawa, kuma ba na maimaita magana.

Ranar Juma'a da safe ina zaune a bakin gado da carbina, na ƙudura in an sauko daga masallaci zan dawo ɗaki in zauna. Sai Nasiru ya shigo ya ce, "Baba, ɗan ɗaga ƙafarka." Ya durƙusa ya jawo tukunyar daga ƙarƙashin gado, ya kwashi kuka da daddawa ya fita. Na ce a raina tukunya ta fito, saura mai ita, bari in je in gani.

A saman benen aka yi walimar bayan sallar Juma'a. Ɗalibai ne daga Kano da Sakkwato da Damagaram da Maraɗi, da malamansa biyu Misirawa masu rawani. Tuwon shinkafa aka yi da miyar kuka. Na sa jallabiyar, hannunta a sauke, na zauna. Ba a daɗe ba wani saurayi mai agogon zinare ya matso ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Alhaji, an ce harkar ƙarafa ake yi. Daga waje ake shigo da su ne?" Sai na dubi Nasiru.

Ya miƙe tsaye. Da Larabci ya fara, saboda malamansa, sannan ya maimaita da Hausa.

"Jama'a, na gaya muku abin da ba shi ba ne, ina neman afuwa. Babana mai zubin tukwane ne a Panteka. Tukunyar da kuke shan miyarta shi ya zuba ta, ga sunana a murfi." Ya ɗaga wuyan hannunsa inda ƙunar ta tashi. "Wannan na jiya ne, guda ɗaya tak. Nasa ba sa ƙirguwa."

Ba zan yi muku ƙarya in ce kowa ya ji daɗi ba. Mai agogon ya yi yaƙe ya koma wurinsa. Amma ɗaya daga cikin malaman ya sa aka kawo masa murfin ya shafa rubutun, wani ɗan Damagaram kuma ya ce daga can baya, "Ni ma babana majemi ne." Ni dai na naɗe hannun jallabiyata har gwiwa, dama da hagu, na jawo kwano. Malmala uku na ci.

To kun ji abin da na je gani. Dala tana nan inda take, mai so ya yanki tikiti. Ludayin nan mai ramuka da ke rataye a rumfa, wanda kuke ta tambaya me ya sa ban mayar da shi wuta ba, shi ne na farkon. Mai kyan yana wurin Nasiru. Ba ni na ba shi ba, shi ya ce in bar masa.